Wa Ya Tuge Dashen Nthati Ranar Jana'iza?

Mutane ba su gama sakace haƙori daga naman jana'iza ba aka ji ihun Nthati daga gangaren gari. Kafin ka ce kwabo rabin garinmu Ha Rantso ya cika bayan ɗakinta, maza da bargunansu, mata da ludaya a hannu, kowa na miƙa wuya.

Gwangwanaye arba'in ne jere a inuwar bishiya, kowanne da yashinsa, kowanne fayau. Ledar da ake rufe su da ita an naɗe ta an ajiye gefe. Rassan wiwi arba'in da ke cikinsu kuwa ga su can a kan katangar dutse, rana ta gama da su, sun yi laƙwas.

To, mu nan tun kakanni iri muke watsawa a tsakanin masara, ya fito, a tuge mazan a bar matan. Ba mu san wata hanya ba, ba mu kuma nemi sani ba. Sai ga Nthati, wadda aka sallama daga masaƙar garin Maputsoe bara, yarinyar da ko riƙon fartanya ba ta iya ba, wai ta koyo a wurin wani ma'aikacin babbar gonar magani ta cikin kwari cewa ana yanko reshe a soka a yashi ya yi saiwa. Dariya kam mun sha ta. Sau uku tana yi suna ruɓewa, muna tafa hannu. A na huɗu suka kama, duka arba'in, dariya ta maƙale mana a wuya. Ran Laraba mutanen gonar za su hau su gani da idonsu, su ɗauke ta aikin renon dashe. Har irin ma sun raɗa masa sunanta.

Ba asarar Nthati ce ta fi tayar wa mutane hankali ba, gaskiya ɗaya ce. Ba a taɓa ƙasa a gari muddin akwai gawar da ba a binne ba. Wanda ya yi haka ƙanƙara yake kira, ga masara ta fara goyo.

"Ina Kananelo?" wani ya tambaya. "Wa ya ga mijinta a bakin kabari?"

Ba wanda ya gan shi. Shi ke nan, magana ta ƙare a wurin jama'a. Kowa ya san Kananelo ya yi wata biyu yana kumbura saboda ma'aikacin nan mai farin gilashi da ke koya wa matarsa. Nthati ta share hawaye da gefen zane ta ce in dai shi ne, to zamansu ya ƙare, yau ɗin nan za ta koma ɗakin uwarta.

Ba a kiran 'yan sanda a kan maganar ganye. Mai gari, Mme Mapitso, wato Inna Mapitso, wadda ta riƙe kujera tun rasuwar mijinta, ta daka sanda a ƙasa.

"Talata za a zauna. Wanda ya yi, sa guda zai biya. Ntate Phoka, ga aikinka."

Phoka tsoho ne ɗan firit mai bin sawu. Shekara talatin yana dawo da tumakin da ɓarayi suka ƙetara da su duwatsu, shi kuwa ko akuya goma bai taɓa haɗawa ba. Ya buɗe baki zai kori mutane daga kan sawu ke nan sai taro ya dare da kansa. Ntate Letuka ne ya iso a kan jan dokinsa. Shi ne sarkin noman wiwi na wannan yanki, mai ɗakin kwano uku, kuma tare aka yi musu kaciya da Phoka a kan dutse shekara hamsin da suka wuce. Bai sauka ba. Ya dubi Nthati ya ce, "Yi haƙuri, 'yata," ya juya linzami.

Mutane suka bi shi da "Ntate, Ntate," wato baba a bakinmu, kamar shi ya zo da maganin abin. Phoka ya ji ɗan abin nan da ya saba ji a ƙahon zuci duk sa'ad da dokin nan ya gifta. Hassada ce, ya san sunanta, ya daɗe da ita.

"Ku ba ni wuri, dalla!" ya daka wa sauran tsawa. "Kun tattake mini ƙasa kamar garken jakuna."

*

Sawun takalmi ba ya faɗin komai a garinmu. Kowane namiji takalmin roba ɗaya yake sawa, daga shago ɗaya. Phoka bai ɓata lokaci a kansa ba. Ya tsuguna ya bi layin gwangwanayen a hankali. A gaban kowane uku ko huɗu akwai ɗan lotsawa a ƙasa, zagayayye, ga kuma sharar gefen bargo a bayansa.

"Nthati, zo nan. Ke kina durƙusawa in za ki ba su ruwa?"

"A'a, Ntate. Sunkuyawa nake."

"To wani ya durƙusa. Gwiwar dama, sau goma sha ɗaya. Ya daɗe a nan, ya kai dahuwar tuwo."

Ya je katanga. Rassan ba watsar da su aka yi ba. An jera su ne kai da kai, saiwa na kallon sama, an kakkaɓe yashin tas. Fararen saiwoyin ko ɗaya bai tsinke ba.

"Shi ya yi," in ji Nthati. "Shekaranjiya ya ce mini in na ƙara ambatar mai gilashi sai ya yi ƙwallo da gwangwanayen nan."

"Kin ga wanda aka yi ƙwallo da shi?"

Ta girgiza kai. Phoka ya nuna wata ƙatuwar wiwi da ke tsaye a kusurwa, ta fi mutum tsawo, ko ganye ɗaya ba a taɓa mata ba.

"Waccan fa?"

"Ita ce uwar. A jikinta na yanko su."

"Ina kika samo irinta?"

"A ƙullin babana, bayan ya rasu. Ntate Letuka ne ya ba shi tun ina goye."

"Yanzu in kin sake yanka, za su kama kafin Laraba?"

"Haba Ntate. Sati biyu ne, in ma Allah ya so. Kuma ba a son a dame su. Inuwa, ɗan danshi, sai haƙuri. In ka ciro kana leƙe, ka kashe."

Phoka ya tsaya yana kallon uwar. Mai son ya nakasa yarinyar nan, sara ɗaya zai yi wa wannan da lauje ya huta. Wanda ya zo nan ya ɗauki lokacinsa a kan 'ya'yan, ya bar uwar.

*

Ran Lahadi bayan coci ya iske Kananelo a bakin garke, zaune kusa da sa ɗaya tak da ya mallaka. Ƙato ne, tsohon ma'aikacin ramin zinariya, idonsa ja wur.

"Ka zo ka ɗaure ni, Ntate?"

"Da wace igiya? Ina ka shiga jiya?"

"Inda na ga dama."

"Madalla. Ran Talata ka faɗa wa mai gari haka, ka ga inda sanka zai ga dama."

Kananelo ya tsinka ciyawa ya tauna ya tofar. Da ƙyar magana ta fito.

"Kwari na sauka. Na ce yau kowa na wurin gawa, bari in je in ga ɗan iskan nan ido da ido. Kullum mai gilashi ya ce, mai gilashi ya ce. Da safe mai gilashi, da tuwo a baki mai gilashi! Ni da na yi shekara tara a ƙarƙashin ƙasa don in biya shanun aurenta, ban taɓa cewa komai an maimaita ba."

"Ka gan shi?"

"Ina fa! Asabar ce, ƙofa a kulle. Na tsaya a bakin waya kamar maraƙin da aka yaye, har mai gadi ya tambaye ni ko aiki nake nema."

"To me ya hana ka faɗa?"

"In ce na bar jana'iza na tafi dukan mutum saboda kishi? Ai gara a ce ni na tuge." Ya sunkuyar da kai. "Na ƙi jinin gwangwanayen nan, Ntate, ba zan ɓoye maka ba. Amma ranar da suka yi saiwa ta shigo da gudu tana tsalle, ni ta fara nuna wa. Ni, ba shi ba."

Phoka ya kama ƙafar takalminsa ya juya. Jan laka ya bushe a dunduniya, irin wanda babu shi sai a mashigin rafi na ƙasa. Ya bi hanyar har can don ya cire shakka, ya ga sawun ƙaton ya sauka da sauri ya hauro yana jan ƙafa. Gaskiya ya faɗa. Sai dai jan laka ba zai ƙwace shi a gaban mutanen da suka riga suka yanke hukunci ba.

*

Maƙwabciyar Nthati, Mme Malitaba mai burkutu, ba a tambayarta, ita ke tambayar mutum.

"Af, an zo kaina ke nan? Zauna, tsohon kare, shinshina da kyau."

"An ce kin ce Allah ya sa su bushe."

"Na faɗa! A bakin rijiya na faɗa, da rana tsaka. In ƙara? 'Yata ta fi ta kai, ta fi ta kyau, tana can tana ɗinka wanduna har idonta ya lalace. Wannan kuwa daga soka tsinke a yashi sai albashi? Ya ci mini rai, ƙarya ne in ce bai ci ba."

"Jiya ina kike?"

"A gindin tukunya, tun fitowar rana har ihunta. Mata ashirin ne shaiduna, kuma duk ashirin ɗin ba mai ƙaunata, je ka tambaye su." Ta miƙa masa ƙoƙo. "Ni in zan yi, ka ga na yi kama da mai jera abu? Akuyata zan sake musu, in ce tsautsayi ne."

Phoka ya kurɓa. Wannan ma gaskiya ce.

"Kuma kada ka ga ni kaɗai," ta ci gaba. "Garin nan kaf ciki na ciwo. Masu dariyar nan, hmm! Tun da yarinyar nan ta fara abin nan, ko gwangwanin kifi ba ka samu a juji. Da can yara ke wasa da su. Yanzu wa ke kwashewa? Aljanu?"

"Wa kika gani?"

"Da na gani ai da ka ji a bakin rijiya."

*

Ran Litinin da hantsi Phoka ya hau gonar Letuka. A ransa shawara ya je nema, don in ana maganar ganyen nan ba a tsallake Letuka. Ya hango shi daga nesa a cikin masara, lokacin tuge maza ne. Bai yi sallama ba tukuna, ya tsaya yana mayar da numfashi, don hawan ba wasa ba ne.

Letuka ya kai gwiwar dama ƙasa, bargonsa na shara a baya. Ya kama gindin wani namiji, ya murɗa a hankali, ya zaro shi da saiwarsa cif. Ya buga shi sau uku a kan takalmi, ya miƙa hannu ya kwantar da shi a kan duwatsun iyaka, saiwa sama, don kada ya sake kamawa. A kan duwatsun akwai wasu sun fi talatin, kai da kai, kamar an gwada da igiya.

Abin da Phoka ya fara ji, Allah ya gani, daɗi ne. Wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙeya har tafin ƙafa. Letuka! Letuka mai doki, Letuka da ba a zama sai ya zauna! Sai bayan daɗin ya wuce kunya ta zo, ta same shi yana murmushi shi kaɗai a bakin gona.

"Wa nake gani kamar Phoka?" Letuka ya ɗaga murya. "Ƙaraso mana, ɗan tsurut. Ko sawun ya kawo ka gonata ne?"

"Ƙishirwa ta kawo ni, mai tumbi."

Suka zauna a kan dutse, Letuka ya miƙa masa gorar kunu mai tsami. Phoka ya ce zai zaga. A bayan garken tumaki, inda ba mai zuwa, ya ga abin da ya san zai gani. Gwangwanayen kifi har sittin a tsakiyar rana, cike da taki jiƙe sharkaf, kowanne da baƙin tsinke ruɓaɓɓe. Ya dawo ya zauna.

"Kai da ka san abin nan," ya ce can, "reshe yana saiwa kuwa da gaske?"

Letuka ya daɗe yana kallon kwari.

"Ka san irin nan na wa ne? Kakana ya ɗauko shi a ƙahon sa daga bayan duwatsu. Shekara arba'in ina zaɓe, ina tugewa, ina ajiye mai kyau. Na ba ubanta cikin tafi ɗaya saboda zumunci. Yanzu ka sauka kwari ka tambayi sunansa. Nthati. Wai Nthati!" Ya yi wata dariya marar daɗi. "Yarinyar da na ɗauka a gaban sirdi na kai asibiti tana ƙyanda."

"Kananelo zai rasa sansa gobe. Da matarsa."

"Ƙaton banza ne, dama ba ta dace da shi ba." Letuka ya juyo ya dube shi cikin ido. "Ni da kai wuƙa ɗaya ta yanke mu, Phoka. Bargo ɗaya muka rufa a kan dutsen can wata uku. Ka tuna abin da aka ce mana ranar saukowa?"

Phoka ya tuna. Abokin kaciya ba ya kwance wa ɗan'uwansa zane a kasuwa, ko da kisa ya yi.

Yana gangarowa ya yi kiciɓis da Nthati, akwatin ƙarfe a ka, ta nufi unguwar uwarta. Idonta ya kumbura. Can baya Kananelo na tsaye a bakin garke, hannu a kan ƙahon sa, bai bi ta ba, bai kuma daina kallonta ba. Phoka ya zauna a gefen hanya. In ya yi shiru, gidan nan ya mutu a kan laifin wani. In ya yi magana, ya ci amanar dutse. Abin da ya fi damunsa ma ba wannan ba ne. Yana so ya yi maganar, yana so ƙwarai, kuma ya kasa rabe ko don Kananelo ne ko don jan dokin nan.

*

Ran Talata gari ya taru a dandalin mai gari. Hadari ya haɗo ta kan duwatsu, kowa na satar kallon sama yana harar Kananelo, wanda aka zaunar shi kaɗai a tsakiya. An riga an ɗaure sansa a jikin bishiya. Malitaba ta zo da kujerarta. Letuka na kan dutsen dattawa, a dama da mai gari.

"Ntate Phoka, muna jinka," in ji Mme Mapitso.

Phoka ya fito da gwangwani ɗaya daga cikin bargo, da ɗanyen reshe kore shar a tsaye cikin yashi. Ya ajiye a ƙasa.

"Mme, ashe ɓarawon ya manta ɗaya. Na same shi a bayan tulu."

Nthati ta ɗago kai da sauri, ta buɗe baki, Phoka ya yi mata ido ta rufe.

"Kafin a ci sa a kan mutum," ya ce, "ya kamata a san ko abin da aka ɓata abu ne. Wasu na cewa dama tsinke ne kawai, ba ya saiwa, yarinya ta yaudari mutanen kwari. Ni tumaki na sani. A samu wanda ya san ganye ya duba mana."

Ido duka ya koma kan Letuka, ina kuma zai koma? Ya ɗan yi jim. Amma idonsa na kan reshen nan tun da aka ajiye shi, kamar mai azumi da ƙoƙon ruwa. Ya taso. Ya kai gwiwar dama ƙasa. Ya kama gindin, ya murɗa a hankali.

"Ntate, kada ka cire!" Nthati ta yi ƙara, abin ya suɓuce mata.

Ina, ya riga ya zaro. Ya buga sau uku a kan takalmi, ya kai kusa da ido, sannan hannunsa da kansa ya miƙa ya kwantar da shi a kan dutsen da ke gefe, gindi sama.

"Babu saiwa," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ko ɗigo."

"Babu kam," in ji Phoka. "Yau da safe na yanko shi na soka."

Ya taka ya tsaya a kan ɗan lotsawar da gwiwa ta bari a ƙasa, ya nuna ta da sanda. Ya nuna reshen da ke kan dutse. Rabin mutanen nan sun ga katangar Nthati ran Asabar, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta gonar Letuka ya san yadda duwatsun iyakarsa suke. Malitaba ce ta fara magana, a hankali, abin da ba ta saba ba.

"Tabɗi. Ashe kai ke kwashe mini gwangwani."

Letuka bai tashi daga durƙuson ba. Ya dubi hannunsa kamar na wani.

"Ban taɓa ƙasa ba sai da aka rufe kabari," ya ce. "Na tsaya har shebur na ƙarshe. Ku bar kallon sama, ba ni na kira hadarin nan ba."

"Ba ƙanƙara muke tambaya ba yanzu, Ntate," in ji mai gari. "Me ya kai ka?"

"Ɗaya na je in duba. Ɗaya tak." Muryarsa ta dushe. "Nawa sittin, na ba su taki mafi kyau, na ba su rana, na ba su ruwa safe da yamma, kullum ina cirowa ina dubawa, ba ko gashi. Na ce ƙarya take. Na ciro na farko, ga saiwa fari tas. Na ce sa'a ce. Na ciro na biyu. Na ciro na uku. Ina ta neman guda ɗaya da bai kama ba, guda ɗaya kawai, in samu in yi barci." Ya dubi reshen da ke kan dutse. "Har na kai ƙarshen layi."

Ya juya wajen Nthati, yana durƙushe, tsoho mai shekara sittin da takwas a gaban yarinyar da ya ɗauka a sirdi.

"Yaya kika yi?"

Nthati ta miƙe. Hawaye na zuba amma muryarta ba ta rawa.

"Ƙofata ba ta da ƙyaure, Ntate. Malitaba da ke zagina a bakin rijiya ma da ta tambaya da na nuna mata. Kai kuwa da ka aiko, ni zan hau in same ka, in durƙusa in nuna maka. Na gaya wa mutanen kwari irin naka ne, sau biyu ina gaya musu, su suka ga sunana ya fi musu sauƙin rubutawa. Ka zauna ran Asabar a kan doki ka ce mini yi haƙuri 'yata. Ka bar ni na ɗauki akwati."

Ba ta jira amsa ba. Ta ratsa tsakiyar dandali ta je jikin bishiya ta kama kwance igiyar san da hannunta. Ƙullin ya yi tauri. Kananelo ya taso ya tsaya a bayanta, ya rasa abin yi da manyan hannayensa, can ya sa su ya kwance mata.

"Kai kuma," ta ce ba tare da ta dube shi ba, "ina ka tafi ran Asabar?"

"Sai mun je gida."

"Ka fara zuwa ka ɗauko akwatin. Da nauyi."

Mai gari ta yanke: sa guda daga garken Letuka, kuma gobe Laraba shi da bakinsa zai gaya wa mutanen kwari abin da ya gani a gindin rassan nan arba'in, ya roƙa mata sati biyu. Ba wanda ya ce hukuncin ya yi tsauri. Ba kuma wanda ya kalli Letuka da zai tashi, aka bar shi ya dafa ƙasa ya miƙe da kansa.

Mutane suka watse suna yaba Phoka, wannan ya dafa shi, wancan ya ce kai Ntate, ko ƙuma ta bi ta kan dutse sai ka gano ta. Shekara talatin yana jiran irin wannan, yau ga ta, kuma daɗinta bai kai yadda ya zata ba.

Letuka ya jawo dokinsa, bai hau ba. Da ya zo daidai Phoka ya tsaya. Babu fushi a fuskarsa, da ma akwai da ya fi sauƙi.

"Da ka zo mini jiya ka ce, Letuka, je ka faɗa da bakinka, da na je," ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai su biyu. "Ka san da na je."

"Yaron nan zai rasa matarsa."

"Na sani. Ka yi daidai." Ya gyara linzami a hannu. "Amma ba haka ka so ba. A tsakiyar dandali ka so, a kan gwiwata. Ka daɗe kana jiran ranar nan, ko ba haka ba, ɗan'uwana?"

Phoka ya buɗe baki zai rantse. Ya nemi rantsuwar ko'ina a cikinsa, bai same ta ba.

Letuka ya jira shi har ya ga ba abin da zai fito. Ya gyaɗa kai, ya ja dokinsa ya kama hanyar hawa a ƙasa.